Tsanin Kifi a Kan Ƙaramar Madatsa: Daga Ina Ake Fara Zane?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniya ne a Najeriya, ina cikin masu zana wata ƙaramar madatsa da za ta karkatar da ruwan rafi zuwa gonakin shinkafa na rani. Tsayinta zai kai mita biyu da rabi, kuma akwai fadama mai faɗi a samanta. Masuntan garin sun aiko da sarkin ruwansu ya ce idan aka tare rafin kifi ba zai ƙara hawowa ba, masu ba da kuɗin aikin kuma sun ce a saka tsanin kifi a cikin zane. Na samo wani zane a intanet mai matakala, kowane mataki ruwa na faɗowa santimita 30. In kwafe shi ne? Kuma don Allah, kifinmu na nan yana bin irin wannan abu kuwa, ko asarar siminti ce kawai?"

Wa alaikumus salam, Injiniya. Tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya: ko zanen da ka samo zai yi aiki a rafinku, da kuma ko tsanin kifi, wato jerin guraben ruwa masu hawa kamar matakala da kifi ke bi ya haura madatsa, yana da amfani ga irin kifayen da muke da su. Amsar ta farko ita ce kada ka kwafe shi, domin mataki mai faɗuwar santimita 30 an tsara shi ne saboda kifin salmon na ƙasashen sanyi, wanda ƙarfinsa da halinsa suka sha bamban da na kifayenmu. Amsar ta biyu kuwa ita ce, a madatsa mai tsayin mita biyu da rabi tsanin kifi yana iya yin aiki ƙwarai, muddin an ɗauko ma'aunansa daga jikin kifin da zai bi shi, aka kuma sa ƙofarsa a daidai inda kifin yake taruwa. Ka kuma sani cewa buƙatar masu ba da kuɗin tana da tushe a doka, domin dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta tanadi a gina tsanin kifi idan aka ba da izinin datse ruwa, ko da yake ba kasafai ake aiki da wannan tanadi ba.

Sarkin ruwa ya faɗi gaskiya

Rayuwar kifi a kogunan yankinmu tana bin cikar ruwa da janyewarsa. Da zarar ruwan farkon damina ya sauko, rafi ya yi ja ya fara tasowa, kifayen da suka yi rani a cikin gurabe masu zurfi sai su tashi su fuskanci ruwa. Wasu su yi tafiya mai nisa a cikin kogin, wasu kuma su ratse ta ƙananan magudanai su shiga fadama, inda suke zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya rufe. A nan 'ya'yan suke samun abinci da mafaka har su yi ƙwari, sa'annan idan ruwa ya fara janyewa da kaka, manya da ƙanana su koma kogi. Tarwaɗa da kurungu da kawara da faliya da tsage duk suna cikin wannan tafiya, kowane da lokacinsa da kuma zurfin da yake bi. Saboda haka madatsar da ta shiga tsakanin mazaunin rani da fadamar da ke samanta ta raba kifi da wurin hayayyafarsa, kuma masunta ne za su fara ganin sakamakon cikin 'yan shekaru kaɗan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙasan irin wannan madatsa a makon farko na cikar ruwa ya san yadda abin yake. Kawara takan taru har ruwan gefe ya yi duhu, tana tsalle tana bugun kankare tana faɗowa, yara suna kwasa da kwando da gidan sauro, manya suna jefa birgi, tsuntsaye kuma suna jere a kan bango suna jiran rabonsu. Da dare tarwaɗa takan yi ƙoƙarin rarrafawa a kan jiƙaƙƙen siminti na gefe, ta hau kamar kamu biyu ko uku ta zamo. Mutanen gari sukan ɗauki wannan a matsayin albarkar madatsa a shekarar farko, alhali kifin da ake kwasa cike yake da ƙwan da bai samu ya zuba ba.

Ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Madatsar Markala da ke kan kogin Neja a Mali, wadda aka kammala a 1947 domin ban-ruwa, an yi mata hanyar kifi, kuma masanin kifi Jacques Daget ya yi nazari a kanta a 1950. Kifi yana bi, amma hanyar ta yi wa tarin kifayen da ke zuwa kaɗan, musamman ƙaramin kifin nan dangin kawara da mutanen Mali suke kira tineni suna kuma tatsar mai daga jikinsa. A kogin Sanagal kuwa, madatsar Diama da aka gama a 1986 ta tare jatan landen kogi, wanda dole ne ƙananansa su fara rayuwa a ruwan da ya gauraya da na teku kafin su hawo. Da jatan landen ya ɓace a sama, katantanwar da yake ci ta yaɗu, kuma cutar tsargiya, wadda wannan katantanwa ke ɗauke da ita, ta ɓarke a garuruwan yankin irin su Richard Toll. Akwai wasu dalilan da suka taimaka wa ɓarkewar cutar, kamar tsayawar ruwa da yawaitar magudanan ban-ruwa, amma labarin ya isa ya nuna cewa datse hanyar abin da ke cikin ruwa yana iya dawowa kan lafiyar mutane.

Abin da ya sami waɗanda suka kwafa

Yawancin zanen da za ka samu a intanet sun samo asali ne daga Turai da Arewacin Amurka, daga wurare irin su madatsar Bonneville da aka gama a 1938 a kan kogin Columbia. Salmon da ke hawa can babban kifi ne da ya girma a teku, yana da ƙarfin ninƙaya, yana tsalle, kuma duk masu hawan manya ne masu kusan girma ɗaya. Kifayenmu kuwa suna zuwa ne a gauraye, daga mai tsawon ɗan yatsa har giwan ruwa, da yawansu ba sa tsalle, wasu kuma kamar kurungu da ragon ruwa ƙasa suke bi, ba sa tasowa sama su tsallake bango.

Ostareliya ta sha wannan darasi da tsada. Kafin tsakiyar shekarun 1980 an gina gomman tsanin kifi a jihar New South Wales bisa zanen salmon, masu tsayuwar gangara, kuma da aka zo aka auna sai aka ga kifayen ƙasar ba sa iya hawa. Sai masana suka koma suka gwada ƙarfin kifayen nasu a cikin magudanan gwaji, suka sassauta gangarar, har daga baya, a shirin da aka fara a 2001 na buɗe kogin Murray daga teku zuwa madatsar Hume, aka gina waɗansu da gangarar mita 1 a cikin mita 32 domin ƙananan kifaye su samu wucewa. A Tailan, madatsar Pak Mun da aka gama a 1994 an yi mata tsani irin na salmon, kifayen Mekong ba su bi shi yadda ake so ba, masunta suka yi shekaru suna zanga-zanga, har gwamnati ta amince a riƙa buɗe ƙofofin madatsar na wasu watanni a shekara. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya gano cewa kimanin kashi 62 cikin ɗari na dangin salmon suna samun hawa ta irin waɗannan hanyoyi, sauran kifaye kuwa kimanin kashi 21 ne kawai. A ganina wannan tazara ta fi nuna wanda aka yi wa zanen fiye da ta nuna gazawar kifin, domin a Lawos, inda aka zana hanyar ƙauyen Pak Peung daga gwajin kifayen wurin, jinsuna fiye da ɗari sun bi ta zuwa fadama. Yanayin can, na fadama da shinkafa da masunta masu ci daga ruwa, ya fi kusa da namu fiye da na kowane kogin salmon.

Lissafin da zai ba ka siffar tsanin

Tun da kai injiniya ne, bari mu shiga lissafi. Gudun ruwa a inda yake zubowa daga gurbi zuwa gurbi ya dogara ne kacokan a kan tsayin faɗuwar, bisa ƙa'idar nan da ka sani ta tushen ninki biyu na ƙarfin janyowar ƙasa sau tsayi. Faɗuwar santimita 30 tana ba da gudun kimanin mita 2.4 a daƙiƙa, ta santimita 15 tana ba da mita 1.7, ta santimita 10 tana ba da mita 1.4, ta santimita 5 kuma kusan mita 1. A ɗaya ɓangaren, ƙiyasin da ake fara aiki da shi shi ne cewa kifi yana iya zabura da gudun da ya kai kimanin tsawon jikinsa sau goma a daƙiƙa, amma na ɗan lokaci ƙasa da daƙiƙa 20, bayan haka sai ya gaji ya nemi wurin hutawa. Ke nan kifi mai tsawon santimita 15 iyakarsa kusan mita 1.5 a daƙiƙa, kuma matakin da ke cikin zanenka bango ne a gare shi. Wannan ƙiyasi ne na gama-gari, domin jinsunan kogunanmu kaɗan ne aka auna ƙarfin ninƙayarsu a magudanar gwaji, shi ya sa nake ba da shawarar a karkata zuwa ga sauƙi, a ɗauki faɗuwar santimita 10 a matsayin iyaka, a sauko ƙasa da haka idan kuɗi da fili sun ba da dama.

Gudu rabin magana ne. Sauran rabin shi ne hargitsin ruwa a cikin gurbin, domin kifin da ya tsallake tsagar da ke bangon tsakanin gurabe ya faɗa cikin ruwa mai juyawa kamar tafasa ba zai huta ba, kuma ba zai gane inda zai dosa ba. Ana auna wannan da yawan ƙarfin da ruwa ke zubarwa a kowace mita kubik ɗaya ta ruwan gurbin. Ga salmon akan yarda da wat 200, ga sauran kifayen Turai wat 150, amma ga ƙananan kifayen ruwan ɗumi ya kamata a sauko ƙasa da wat 100, kuma rabin haka ya fi. Ɗauki misali: tsaga mai faɗin santimita 30, zurfin ruwa mita 1, faɗuwa santimita 10, za ta ɗauki kimanin lita 300 a daƙiƙa, wanda ke zubar da ƙarfin kusan wat 300 a kowane gurbi. Idan gurbin yana da tsawon mita 3 da faɗin mita 2, ruwan cikinsa mita kubik 6 ne, hargitsin ya tsaya a wajen wat 50. Da wannan ma'auni madatsarka tana buƙatar gurabe kimanin 25, tsawon tsanin ya haura mita 75, gangararsa kuwa kusan 1 cikin 30. Na san cewa idan ka kai wannan tsawo gaban masu kuɗi za su ɗaga gira, su tambaya ko ba za a rage shi zuwa kashi ɗaya cikin uku ba. Ka nuna musu lissafin gudun, ka gaya musu cewa gajeren tsanin da kifi ba ya hawa shi ne asarar simintin da kake tsoro, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan fili ne ya yi ƙaranci, ana naɗe tsanin ya yi kwana ya dawo, a sa gurbin hutu mai girma a kowace kwana.

Manoman shinkafa su ma za su yi tambaya, domin lita 300 a daƙiƙa ruwa ne da zai shayar da hekta ɗari biyu ko fiye. Abin da ke sauƙaƙa wannan rigima a yankinmu shi ne cewa babban hawan kifi yana zuwa ne da damina, lokacin da ruwa ke malala ta saman madatsa ba mai amfani da shi. Ana iya yin yarjejeniya a rubuce cewa tsanin zai kasance a buɗe daga farkon cikar ruwa har ƙarshen janyewarsa, a rage shi ko a rufe a tsakiyar rani. Sai dai a kula, idan za a rufe a riƙa yi a hankali, don kada kifi ya maƙale a gurabe ya mutu.

Wane iri za ka zaɓa

Irin da ka samo, wanda ruwa ke zubowa ta saman bango daga gurbi zuwa gurbi, yana aiki ne kawai idan tsayin ruwan sama bai canzawa sosai. Rafukanmu kuwa suna iya tashi mita guda a dare ɗaya, don haka ban ba ka shawararsa ba. Wanda ya fi dacewa da kankare shi ne mai tsaga a tsaye, inda kowane bango yake da tsaga tun daga sama har ƙasa. An ƙirƙiro shi ne a tsakiyar shekarun 1940 a mashigin Hell's Gate na kogin Fraser a Kanada, bayan zaftarewar duwatsu ta 1914 ta matse kogin, kuma an zaɓe shi ne domin ruwan wurin yana hawa da sauka da mitoci masu yawa. Amfaninsa biyu ne: faɗuwar da ke tsakanin gurabe ba ta canzawa sosai idan ruwan sama da na ƙasa suka tashi tare, kuma kowane kifi yana wucewa a zurfin da ya saba. Ka shimfiɗa duwatsu masu girman kan mutum da na dunƙulen hannu a ƙasan tsanin gaba ɗaya har cikin tsagar, a dasa su cikin siminti, domin ruwan da ke tsakanin duwatsu yana da sanyin gudu, nan ne kurungu da ƙananan kifaye suke bi. Faɗin tsagar kuwa babban kifin da kake son ya wuce ne zai yanke shi, kuma wannan tambaya ce ta masunta.

Idan akwai dutse a kusa kuma akwai fili a gefe, ni na fi son a haƙa ƙaramin rafi da zai kewaye madatsar, ko a jera duwatsu a yi gangara mai laushi ta 1 cikin 20 zuwa 1 cikin 30, da layukan manyan duwatsu masu gibi a tsakaninsu. Irin wannan yana ba da gudu iri-iri a wuri ɗaya, magina na gari suna iya yin sa suna kuma iya gyara shi. Rauninsa shi ne ambaliya tana iya kwashe duwatsun idan ba a lissafta nauyinsu ba, kuma idan ruwa ya yi ƙasa yakan sulale ta ƙarƙashin duwatsu ya bar saman a bushe, sai an yi masa shimfiɗar da ke hana yoyo. Akwai kuma magudanar Denil, wadda wani injiniyan Beljiyam ya fito da ita a 1909, gajeriya mai tsayuwa da araha, amma tana buƙatar kifi ya haura ba hutu, tana kuma toshewa da shara cikin sauƙi. Na'urar ɗaga kifi irin ta madatsar Holyoke a Amurka ta manyan madatsu ce, tana son wutar lantarki da ma'aikata kullum, ba ta cikin lissafinka.

Ƙofar shiga

A nan ne mafi yawan ayyuka suke lalacewa, har waɗanda lissafin gurabensu ba shi da aibi. Kifi ba ya neman tsani. Yana bin ruwa mafi ƙarfi ne har ya kai inda ba zai iya ci gaba ba, sa'annan ya riƙa kai da komowa a wannan layi, yawanci ta gefen gaɓa. Idan ƙofar tsanin tana mita 30 a bayansa, ba zai juya ya neme ta ba, kamar mai kanti ne da ya cika shago da kaya ya buɗe ƙofa ta bayan layi. Saboda haka ƙofar ta kasance a daidai iyakar da kifi yake tsayawa, dab da gindin madatsa amma a wajen farin kumfa, a gaɓar da babban ruwa yake bi. Wannan ne dalili na biyu da ke sa ake naɗe tsani: ya gangara ƙasa, ya yi kwana, ya dawo ya buɗe baki a gindin madatsar. Idan madatsar a karkace take a kan rafin, kifi zai taru a kusurwar da ta fi nisa zuwa sama, can za a sa ƙofar. Idan rafin yana da faɗi sosai, gaɓa ɗaya ba ta isa.

Dole ne kuma ruwan da ke fitowa daga ƙofar ya zama kifi yana jin sa. Ƙa'idar da masanan Faransa irin su Michel Larinier suka bayar ita ce ya kai kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na ruwan da ke gasa da shi a lokacin hawa, kuma a ƙananan rafuka ya fi kyau a wuce haka. Hanya mafi araha ita ce ka rage tsayin bakin madatsar kaɗan a ɓangaren da ke kusa da tsanin, domin ruwa ya fi zuba ta nan ya jawo kifi zuwa wannan gaɓa. Idan madatsar tana da ƙofofi, tsarin buɗe su yana cikin zanen tsanin, domin mai gadin da ya buɗe ƙofar can nesa ya kwashe kifin duka zuwa gaɓar da ba ta da hanya.

Abubuwa biyu nake roƙon ka auna kafin ka ja layi ɗaya a takarda. Na farko shi ne tsayin ruwa a sama da ƙasan wurin a duk tsawon damina, ba a rana ɗaya ba. A yawancin madatsu ruwan ƙasa ya fi na sama saurin tashi, sai ya nutsar da guraben ƙarshe, gudun ƙofar ya mutu, kifi ya daina jin ta a daidai lokacin da ya fi yawa. Ana magance wannan da matse tsagar ƙofar ko ƙara mata ruwa ta bututu. Yana yiwuwa ma a tsakiyar ambaliya madatsa mai mita biyu da rabi ta nutse gaba ɗaya kifi ya wuce ta samanta, wanda ke nufin aikin tsanin yana farkon cikar ruwa ne da ƙarshenta. Na biyu shi ne zaizayar ƙasa. A rafi mai yashi, ƙasan madatsa yakan zurfafa bayan 'yan shekaru domin yashin da ke cike gurbin ya tsaya a sama. Na ga tsanin da aka gina da kyau amma bakinsa ya koma rataye, ruwa na faɗowa daga gare shi kusan rabin mita, kifi na kewaya a ƙasa. Ka ƙara gurabe biyu ko uku a ƙasa da matakin da kake gani yau, ko da za su zauna a nutse a shekarun farko. Mafitar sama kuma ka nisanta ta da bakin madatsa da bakin magudanar ban-ruwa, don kada kifin da ya gama hawa a gajiye ruwa ya sake kwaso shi ƙasa, ko ya tsinci kansa a gonar shinkafa.

Dawowar kifi ma tana cikin aikinka. A madatsa mai wannan tsayi yawancin kifi zai bi ruwa ta sama ya faɗo lafiya, idan akwai zurfi a inda yake faɗawa, ba busasshen kankare ko haƙoran karya ƙarfin ruwa ba. Babbar asara tana bakin magudanar ban-ruwa, inda 'ya'yan kifi ke shiga da kaka. A sa raga mai ƙananan idanu, mai faɗin da zai sa ruwa ya ratsa ta a hankali, a karkace ta yadda za ta tura kifi zuwa rafi.

Iyakar abin da tsani zai iya

Duk abin da na faɗa ya shafi ƙananan madatsu ne. A manyan madatsu irin su Kainji da Tiga da Bakolori maganar ta canza, domin ko kifi ya hau, abin da zai tarar babban tafki ne marar gudu, ƙwai da 'ya'yan da ke bin ruwa kuwa ba sa iya ratsa shi su dawo. A Burazil an gina hanyoyi masu tsada, har da ta madatsar Itaipu da aka buɗe a 2002 mai tsawon kusan kilomita 10, amma masanan ƙasar sun nuna cewa a wasu madatsun tsani yakan zama tarko, ya kwashe kifi daga inda yake iya hayayyafa ya kai shi inda ba zai dawo ba. Haka kuma tsani ba ya maye gurbin ambaliya. Abin da ya rage kifi a dausayin Haɗeja da Nguru bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ya fi alaƙa da raguwar ruwan da ke malala cikin fadama da toshewar magudanai da kachala. Don haka ka tabbatar fadamar da ke saman madatsarku za ta ci gaba da cika a kan lokacinta, wadda ke ƙasa kuma ba za a hana ta ruwa ba.

Sai maganar mutane, wadda ba ta shiga takardar zane amma ita ke yanke hukunci. Tsani yana tara kifi a wuri mai faɗin mita biyu, kuma gura ɗaya da aka dasa a tsaga da dare ta isa ta kwashe amfanin aikin duka. Shingen waya ba ya hana wannan. Abin da na ga yana hanawa shi ne a sa sarkin ruwa da masunta cikin aikin tun daga zaɓen wuri, su da kansu su yanke iyakar da ba a su a cikinta sama da ƙasan tsanin, da tarar wanda ya karya, hakimi ya sa hannu. Hana su a wani gurbi har zuwa wani lokaci al'ada ce da masuntanmu suka gada, ba baƙon abu za ka kawo musu ba. Su ne kuma za su gaya maka wane kifi ke fara hawowa, a wane wata, da dare ko da rana, ta wace gaɓa, bayanin da babu littafin da zai ba ka shi game da rafinku. A rufe saman guraben da ragar ƙarfe saboda yara, a kuma naɗa wanda zai riƙa cire itace da leda da ciyawa daga tsagogi duk mako da damina, a kwashe yashi kafin ruwan farko, da kuɗin wannan aiki a cikin kasafi.

Daga nesa ba zan iya ba ka ma'aunai na ƙarshe ba, domin sun dogara ne a kan awon ruwan wurin da jerin kifayensa, kuma ya kamata masanin kifi ya zauna tare da kai a kan zanen. Cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke New Bussa wuri ne da ya dace ka tuntuɓa. Ka yi bangayen tsagar da allunan da ake iya cirewa ko matsewa, ka kuma tanadi wurin dasa kejin gwaji a mafita da kuma gurbin farko. A damina biyu na farko a riƙa dasa kejin a sama yau, a ƙasa gobe, ana rubuta jinsi da tsawon kowane kifi, ana kwatantawa da abin da birgi ke kamowa a gindin madatsa. Idan kifi yana gindin madatsa amma ba ya cikin gurbin farko, matsalar ta ƙofa ce, sai a gyara yadda ruwa ke zuba a kusa da ita. Idan yana shiga gurbin farko amma manya kaɗai ke isa sama, gudu ko hargitsi ne ya yi yawa, sai a rage ruwan da ke shiga kowane gurbi ta hanyar toshe tsakiyar tsagar da ɗan allo, a ƙara duwatsu a ƙasa, a sake aunawa a cikar ruwa ta gaba.